Ƙafar Baba

Na ga saƙonninku, na kuma ga masu cewa ni ce mai laifi, wai yarinya ta samu mutumin kirki tana yi masa yanga. To ku ajiye sandunanku tukuna, ku ji ta bakina. Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce autar gidanmu, wadda Yaya ke kira Uwar Ɓeraye saboda aikina. Mutumin da ake ta tada jijiyar wuya a kansa kuwa shi ne wanda na ajiye lambarsa a wayata da sunan Sarkin Zama.

Ba don rainin hankali na sa masa sunan ba. Zanen gine-gine yake yi, kuma bawan Allahn nan idan ya zauna ya zauna ke nan, ƙuda ma sai ya ɗauka kujera ce. A motar haya ya fara ganina da safe, ina kusa da taga da farar rigata a ninke a kan cinya, ina karatu. Da muka saba na tambaye shi me ya gani, sai ya ce, “Natsuwarki. Motar tana ta girgiza, ke ko motsi ba ki yi ba.”

Na yi murmushi kawai, a zuciyata na ce, malam, da safe ka gan ni.

Don ni ina da ƙafar Baba. Haka ake kiran abin a gidanmu tun kafin a haife ni. Ba zafi ba ne, ba ƙaiƙayi ba ne, kuma ba a ganin komai a fata. Da rana ta fara sanyi, ka zauna ka ce bari ka huta, sai ka ji kamar tururuwa na bin cikin ƙwaurinka ta inda hannu ba ya kaiwa. Babu abin da ke kwantar da ita sai ka miƙe ka taka. Kana tafiya lafiya lau, kana zama ta dawo.

Baba, Allah ya jiƙansa, mitar ruwa yake karantawa gida-gida. Yini yake yana bin layi da wata jaka mai igiya ɗaya a kafaɗa, ya dawo ƙafarsa ta yi fututu da ƙura. Amma ana idar da magariba, an sha shayi an ɗan zauna, sai ka ji ya ce, “Kai, ƙafar nan tawa. Maman yara, taso ki raka ni.” Sai Mama ta yafa mayafi ta bi shi.

Gidanmu a bene yake, muna da wata doguwar baranda daga ƙofar kicin har inda tankin ruwa yake. Nan suke kai da komo, kafaɗa da kafaɗa, ni kuma ina biye riƙe da gefen rigarsa, shi ya sa yake ce mini ’Yar Rakiya. Har yau ina jin ƙarar silifas ɗinsa, na hagun ya fi na daman ja. A barandar nan na koyi ƙirga, a nan na ji labarin karnukan da suka taɓa korar sa daga gidajen mutane, a nan ake yanke wa za a saya wa takalmi a wannan watan. In an kai tanki Baba zai ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, “Assalamu alaikum, mun iso,” mu juyo. Kullum sai na yi dariya kamar ranar na fara ji.

Saboda shi na karanci abin da na karanta. Ranar da aka ɗauke ni aiki a ɗakin bincike inda ake nazarin wannan ciwon a jikin ɓeraye, sai da na shiga bayi na yi kuka, don Baba bai kai ga gani ba. Na yi wa kaina alkawarin sai na gano abin da ya hana mutumin nan zama a gidansa. Ban daɗe da fara aikin ba ni ma tururuwar ta iso ƙafata.

To yanzu ku haɗa da kanku. Sarkin Zama bayan magariba yake zuwa, don sai lokacin yake tashi daga ofis. A falo ake sauke shi, a kan doguwar kujerar da Mama ke cire wa mayafi in za a yi baƙi. Ni kuma a zaunar da ni a gabansa kamar hoto.

Zuwansa na ƙarshe na sha doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, na yi niyyar ko za a mutu ba zan motsa ba. Ya fara ba ni labarin wani gida da yake zanawa, wai ya sa wa kicin taga babba saboda ya tuna na ce ina son haske. Magana mai daɗi irin wannan, amma wallahi rabin hankalina na ƙasa. Na matse yatsun ƙafa. Na harɗe, na warware.

“Bari in kawo maka ruwa.”

“Ga shi nan ban sha wanda kika kawo ba.”

“Ya huce. Bari in canza.”

Na dawo na zauna. Ba a jima ba na miƙe gyara labule. Daga labule sai fanka, wai tana ƙara. Daga fanka na ce kamar na bar wuta a kunne a kicin. Da na dawo na tarar ya tattara takardun zanensa ya naɗe, ya sa musu roba.

“Ranki ya daɗe, bari in ƙyale ki ki huta,” ya ce, da murmushin da bai kai ido ba.

Ko kwanar gidanmu bai sha ba saƙonsa ya shigo: “Na lura duk zuwana kamar a kan ƙaya kike. Idan zamana ne ya ishe ki, ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Ba na son a sa ki abin da ba kya so.”

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ƙarshe na aika masa hoton hannu biyu na roƙo, wanda ni kaina ban san me yake nufi ba. Shi ma bai ƙara cewa komai ba, shiru har kwanaki.

Gwaggo ce ta fara jin ƙanshin maganar. Yayar Baba ce, kuma ita hancinta ya fi wayar salula saurin kawo labari. Ta zo da yamma ta zube jaka, ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba.

“Ke Auta, me nake ji? Mutanen yaron nan na shirin zuwa neman aure, ke kina yi masa zirga-zirga a falo kamar kazar da za ta yi ƙwai?”

“Gwaggo, ƙafata ce. Ina ganin gara in faɗa masa gaskiya.”

“Ki faɗa masa me?” Mama ce ta cafe daga kujerarta, ɗan bargon da take rufe ƙafa da shi a kan cinyarta. Tun rasuwar Baba ba ta zama da yamma sai da shi, ta ce sanyi ke shigar mata ƙashi. “Ki ce masa kina da ciwon da ba a gani, kuma ana gadonsa? Danginsa su ji su ce me? Ki daure ki zauna kamar kowace ’ya mace. Daurewa ba ta kisa.”

“Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe,” in ji Gwaggo tana girgiza kai. “Ƙanena ne ya bar miki. Abin da ke ba ni mamaki har gobe, kaf zuri’armu babu mai wannan abu sai shi. Yaron da yake barci a tsaye. Lafiyarsa ƙalau fa, sai da aka yi auren nan, uwarku na da cikin yayanku, rana ɗaya ya tsiro da ciwon ƙafa.”

Mama ta ce, “Yaya, shayinki zai huce.”

Na shige ɗaki da ɗacin rai. Ina son mutumin nan, bari in faɗa ba kunya. Ina son yadda yake saurare har ƙarshen magana kafin ya amsa. Amma abin da ya ce ya gani a jikina shi ne ainihin abin da ba ni da shi. In na yi shiru zai tafi yana zaton ba na son sa. In na yi magana zai iya tafiya don ya gane natsuwar ta safe ce kawai.

Washegari na tafi aiki da kumburarrun idanu. Bari in ɗan kwatanta muku wurin, don masu zaton bin ɓera nake da tsintsiya. Ɗaki ne mai sanyi, babu taga, kejoji a jere a kan kantoci, kowanne da kwalbar ruwansa da ɗan gidan kwali. Sai ka sa farar riga, safar hannu da takunkumi kafin ka shiga. Wasu ɓerayen lafiyayyu ne. Wasu kuma an rage musu sinadarin ƙarfe a abinci, don ana zargin ƙarancinsa a ƙwaƙwalwa na da hannu a ciwon, wasu an taɓa ƙwayoyin gadonsu. Tunda ɓera ba zai buɗe baki ya ce ƙafata na damuna ba, sai mu sa kyamara. Aikina in zauna gaban kwamfuta in kalli lokacin da ya kamata su kwanta, in ga wa ya yi barci, wa ya kasa.

Akwai wani keji mai ɓeraye biyu da na fi so, don su ne ke tuna mini da barandarmu. Da lokacin hutu ya yi sai ka ga sun tashi suna zagaye tare, daga kwalbar ruwa zuwa gidan kwali, su dawo. Na daɗe da sa su duka biyun a layin marasa lafiya.

Dakta, shugabar ɗakinmu, ta zo ta tsaya a bayana da kofin shayi. Mace ce mai ƙarancin magana, gilashinta kullum a saman goshi tana neman sa a aljihu.

“Wannan babban, me ya sa kika haɗa shi da masu ciwo?”

“Dakta, ai ba ya zama. Kin ga, ga shi nan yana yawo.”

“Duba alamar kunnensa.”

Na duba. Ashe lafiyayye ne, abincinsa cikakke, babu abin da aka taɓa masa.

Ta yi ’yar dariya ta jawo kujera. “Kowa sai ya yi wannan kuskuren sau ɗaya, ni ma na yi. Mayar da hoton baya. Kar ki kalli wanda ke tafiya, tafiya kowa na yi. Ki kalle su suna kwance, ki ga ƙafar wa ke fara motsi.”

Na mayar baya, na rage gudu. Ga su a dunƙule wuri ɗaya. Babban ya yi shame-shame, barcinsa yake har da buɗe baki. Ƙaramar ce ƙafarta ta baya ke zillo, ta miƙe ta, ta janye, ta sake miƙewa. Can ta gaji ta tashi. Tana tashi shi ma ya buɗe ido, ya yi miƙa, ya bi bayanta.

“Kin gani?” in ji Dakta. “Shi rakiya kawai yake yi. Ware shi ki ga, sai ya yi barci har ki ji haushinsa.”

Ta ɗauki kofinta ta wuce, ta bar ni da hoton yana ta maimaita kansa. Ban san lokacin da na cire takunkumin ba. Abubuwa ne suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Baba da ke barci a kujerar mai aski har a tashe shi. Baba da ke kallon ƙwallo daga farko har ƙarshe ƙafa a miƙe. Sannan duk lokacin da Mama ta yi tafiya wajen danginta, in na kawo masa silifas bayan magariba sai ya shafa kaina ya ce, “’Yar Rakiya, yau ƙafar ta yi mini sauƙi,” ya kishingiɗa, kafin ka ce kwabo ya fara minshari. Ga kuma maganar Gwaggo, wai sai da Mama ta samu ciki abin ya tsiro. Ni da na sha karantawa cewa juna biyu na tayar da ciwon nan ga mata.

Na koma gida. Na yi wanka, na sa rigar zaman gida, na zauna a ƙasa kusa da kujerar Mama kamar ina danna waya. Aka idar da magariba, ta jawo bargonta ta rufe ƙafa. Fuskarta lafiya lau, tana kallon labarai. Ni kuwa gefen bargon nake kallo, yadda Dakta ta koya mini.

Ba a daɗe ba ya fara. Diddige ɗaya na goga ɗaya. Yatsu su dunƙule, su saki. Gwiwa ta ɗan ɗaga, sai ta danne ta da tafin hannu kamar mai gyara zama.

“Mama.”

“Na’am.”

“Baba bai taɓa ciwon ƙafa ba, ko?”

Mai karanta labarai ya gama nasa, aka shiga talla. Sai ta ɗauki rimot ta kashe.

“Ɓerayenki ne suka faɗa miki?”

“Su ne.”

Ta yi wata dariya da hawaye a cikinta. “Allah ya shirye su, ’yan gulma.” Ta goge ido da gefen mayafi. “Ina amarya, a gidan kakarku muke. Da yamma kowa ya zauna, ni na kasa. In tashi in share inda na share, in wanke abin da na wanke. Aka fara ƙus-ƙus, wai ƙafata ba ta zama, gidan ne ba na so, ko akwai wanda nake leƙe. Gwaggonku ce ma kan gaba. Na kasa faɗa, don me zan ce? Abin da ba kumburi, ba jini? Babanku bai tambaye ni komai ba. Ya yi ta kallona kawai. Rannan ana zaune sai ya dafe ƙwauri ya ce wayyo ƙafarsa, in taso in raka shi. Muna fita ya ce mini, daga yau tawa ce, ke rakiya kike yi.”

“Mama, mutumin da ya yini yana tafiya.”

“Ai shi ne. Wani lokaci ina jin yadda yake jan ƙafar hagu don gajiya, in ce mu koma, ya ce sai mun gaida tanki.” Ta kalli ƙofar baranda. “Da ya rasu na ce wa zan bi? Matar da ta rasa miji tana safa da marwa ita kaɗai, sai a ce ta zautu. Sai na nemi bargo.”

Jama’a, na yi kuka. Shekaru ina neman ciwon Baba a cikin keji, mai ciwon tana gefena tana zuba mini shayi. Ina da Dakta, ina da sanin gwajin jinin da ake yi da likitocin da ake gani, uwata kuwa tana danne gwiwa da hannu a falonmu.

“To me ya sa kika ce in ɓoye?”

“Tsoro,” ta ce kai tsaye. “Irin Babanku ba a samun su a kowace kwana. Na ji tsoron ki faɗa, yaron nan ya zama ba irinsa ba, ki ji abin da ban taɓa ji ba.”

Na miƙe na yaye bargon, na ninke shi na ɗora a hannun kujera. Ƙafata ma ta fara nata. Na miƙa mata hannu na ce, “Kai, ƙafar nan tawa. Maman yara, taso ki raka ni.”

Ta kai mini duka a kafaɗa, amma ta tashi. Muka fita barandar da ta daɗe ba ta ga mutum biyu a jere ba. Fitilar kicin ce kawai ke haska ta, igiyar shanya na nan inda Baba ya ɗaura ta. Muka taka a hankali har tanki. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai ta riga ni.

“Assalamu alaikum,” ta ce. “Mun daɗe ba mu zo ba.”

A juyowa ta uku ko ta huɗu wayata ta yi ƙara a aljihu. Sarkin Zama ne: “Ina ƙasa. Ba zan shigo ba. Na zo in ji daga bakinki ne, ko me ne ne, sai in tafi.”

Na nuna wa Mama. Ta karanta tana matso da wayar kusa da ido, ta miƙo mini.

“Je ki faɗa masa. Amma ki ce ƙafar Mama ce, Babanku ya ɗauka ya isa haka.” Ta gyara mini mayafi. “Kuma kar ki yarda ki zauna.”

Na zura takalmi mara tsini na sauka. Yana cikin mota, ya buɗe mini ƙofar gaba tun kafin in iso, ya ma share kujerar. Fuskarsa irin ta wanda ya shirya jin mummunan labari. Na tsaya a bakin ƙofar na riƙe ta.

“Ba zan shiga ba,” na ce. “Maganar da zan faɗa maka ba ta faɗuwa a zaune. In kana son ji, sai dai ka taka.”

Ya kalle ni, ya kalli layinmu da ya miƙe har shagon mai gyaran taya, ya kalli takalminsa mai sheƙi na zuwa ofis. Na ɗaga kai sama, ga Mama a baranda tana tafiya ita kaɗai, ba bargo, ba ta ko ɓoyewa.

Sai na ji ya kashe mota. Ya fito, ya rufe ƙofar da na riƙe, ya jefa makulli a aljihu, ya zo ya tsaya daidai kafaɗata.

“Ta wane ɓangare za mu fara?” ya ce.

Na nuna masa hagu, muka ɗaga ƙafa tare, ni kuwa ko kalma ɗaya ban faɗa masa ba tukuna.